Na Bi Goggo Wurin Aikinta a Kaduna

Daga tashar Unguwa Uku motarmu ta tashi bayan sallar asuba. Muka wuce Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, aka sauke wasu a Kwangila, sannan Jaji, Maraban Jos, Rigacikun, sai ga gadar Kawo. A nan Goggo, ƙanwar mahaifina, take jirana cikin motarta, kujerar baya cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da roba.

A danginmu babu wanda ya iya faɗin aikin Goggo kai tsaye. Wasu su ce lauya ce, wasu su ce malamar jami'a. Abin da ta karanta shi ne ilimin nazarin al'umma da al'adunsu: ta fara a Zariya, ta ƙarasa a Ingila. Sana'arta yanzu ita ce ba wa gidajen 'yan kasuwa shawara kan yadda harkarsu za ta rayu bayan maigida ya tsufa ko ya rasu. Na daɗe ina roƙonta ta tafi da ni in gani, domin shagon hatsin mahaifinmu bai shekara biyu ba bayan rasuwarsa, kuma har yau akwai yayyena biyu da ba sa zama inuwa ɗaya a kan wannan shagon. Ta nemi iznin mutanen gidan da take aiki da su, suka yarda in zo, da sharaɗin ba suna, ba kwatance.

Yadda ta faɗa wannan aiki ma labari ne. Lokacin da take binciken digirinta na uku, ta yi fiye da shekara tana zama a gidan wani dillalin hatsi, tana rubuta wa yake ba wa bashi, wa yake rance a hannunsa, wane yaro ne ɗan ƙanwarsa, wane ne almajirin da ya girma a zaure. Ta gama ta koma koyarwa. Bayan wasu shekaru mutumin ya rasu, magada suka rasa gane kan dukiyar, sai suka tuna da yarinyar nan mai yawan tambaya da rubutu. Littattafanta ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta yadda gidan yake tafiya. Ta zauna da su aka warware, wani gidan ya ji labari ya aiko, a hankali aikin ya fi ƙarfin a haɗa shi da aji, ta ajiye koyarwa.

Ban ko huta ba ta ce mu tafi Kakuri. Muka bi titin Ahmadu Bello, muka haye kogin Kaduna zuwa kudancin gari. Ta rage gudu a gaban dogayen katangun masaƙu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, sauran suka biyo baya, har da masaƙar UNTL a shekarun 1960. Ta farkon ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Ciyawa ta cinye harabar, wasu rufin sun yaye, masu gasa masara sun kafa a bakin ƙofofin da dubban ma'aikata suke tururuwa a da. Goggo ta ce in kalli wurin da kyau, domin Alhajin da za mu je wurinsa a nan ya yi arziki, a nan kuma ya ga arziki ya gudu. Dilan atamfa ne a da. Da masaƙu suka mutu, ya juya abin da ya saura zuwa gidan burodi da motocin kai kaya. Mutumin da ya ga kamfani mai injuna da manajoji da akantoci ya rushe, alhali shi da littafinsa na aljihu ya tsira, ba za ka zo ka ce masa ya mai da harkarsa irin ta kamfani ya saurare ka cikin sauƙi ba.

Washegari tun kafin kiran assalatu muna gidan burodin. Zafi ya buge ni tun daga ƙofa. Injin kwaɓi yana ruri, samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna yanka kwaɓin suna jefawa a kan sikeli, wasu suna shafa mai a gwangwanaye, wani yana zaro burodi daga tanda da doguwar sanda mai faffaɗan baki. Buhunan fulawa da sukari an jera su har kusa da rufi. A waje masu babura da 'yan kurkura sun yi layi.

Goggo ba ta tambayi kowa komai ba. Ta samu benci a lungu ta zauna, ta ce in zauna. Da farko na ga kamar ɓata lokaci muke yi. Sai ta ce a hankali, "'Yata, duba ki gani, idan matsala ta taso wurin wa suke zuwa."

A takarda, manajan wurin shi ne babban ɗan Alhaji, mai digiri, yana da ofis da kwamfuta. Amma duk wanda ya shigo da magana, wurin wani dattijo mai furfura yake nufa, wanda yake tsaye bakin ƙofa da biro a maƙale a kunne. Shi ne babban yaron Alhaji tun zamanin atamfa. Mai shayin da bai kawo cikon kuɗin jiya ba, shi yake yanke ko a ba shi na yau. Wani ya hana shi, wani ya ƙara masa, ba tare da ya buɗe littafi ba. Na ji ya ce wa wani direba ya kai wa mai shayin Unguwar Sanusi nasa, ko bai biya ba, matarsa ce ta haihu. Da fulawa ta kusa yankewa, shi ya ɗaga waya, kuma da sunan Alhaji ya yi magana aka saki kaya bashi. Wannan dattijo ba ɗan gida ba ne ta jini. Ba shi da ko sisi a gado. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba a taɓa yanka masa albashi tsayayye ba, Alhaji ne ya yi masa aure, ya kai shi Makka, yake biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Ranar da Alhaji ya kwanta dama, babu wanda wannan alkawarin ya hau kansa. In kuwa dattijon ya fita, rabin masu sayen burodin sun fita tare da shi.

Goggo ta ce wannan tsari ba sabo ba ne. Wani masanin fanninsu, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda cinikin shanu da goro yake tafiya a kan maigida da yaransa da dillalai, bashi yana yawo ba takarda, amana da tsoron zubewar mutunci ne jingina. Tsarin yana da ƙarfi matuƙar maigida yana raye. Rauninsa shi ne duk igiyoyin a hannun mutum ɗaya suke.

Da hantsi muka shiga cikin gida. A nan na gane amfanin kasancewarta mace. Akanta ko lauya namiji a zaure zai tsaya, abin da Alhaji ya ga dama shi zai ji. Goggo kuwa ɗaki ɗaki take bi, kuma ba ta taɓa kuskuren fara gaisuwa da wani ɗakin kafin na uwargida.

Hajiya Babba tana kan darduma, carbi a hannu, faranti cike da gyaɗa tana ɓarewa. Suka gaisa, aka tambayi jikoki, aka yi maganar ciwon ƙafa, aka yi maganar tsadar gas. An fi rabin sa'a ba a taɓo kasuwanci ba. Goggo ta ja farantin tana taya ta ɓara. Can sai ta ce, "Hajiya, lokacin da aka gina tandar farko ai kin sha hidima." Hajiya ta yi shiru. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani tsohon gwangwanin alewa, ta buɗe. Babu komai a ciki sai auduga da ta yi ja. Ta ce nan sarƙoƙinta da awarwaronta suke zama, na gadon mahaifiyarta da waɗanda ta tara da adashi. Shekarar da atamfa ta karye, ita ta kwashe su ta ba Alhaji ya sayar aka gina tandar. Ya ce zai mayar mata, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, don kunya da zaman tare. Amaryar da aka auro bayan burodi ya kafu ba ta san wannan ba, 'ya'yanta ma ba su sani ba. Su a ganinsu 'yan ɗakin Hajiya Babba sun kankane komai. Su kuma 'yan ɗakin Hajiya suna ganin da zinaren uwarsu aka gina abin da kowa yake ci.

A mota Goggo ta ce mini wannan gwangwanin shi ne rabin rigimar da za a yi a gidan nan in ba a gyara ba. A shari'a, bashi ake fara fitarwa kafin wasiyya da rabon gado. In rance ne, sai an biya Hajiya kafin kowa ya taɓa komai. In kyauta ce, shi ke nan. In kuma jari ta zuba, tana da kaso a cikin harkar kanta. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san wanne ne daga ciki, kuma dukansu sun haura saba'in. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Muna karanta ta, amma tsakanin miji da mata, ko wa da ƙane, sai mu ga rubutu kamar zargi ne.

Da daddare a gidanta na Unguwar Rimi ta shimfiɗa wata babbar takarda a kan tabarma. Taswirar gidan Alhaji ce, irin wadda ake koya musu a fanninsu: maza da alama mai kusurwa uku, mata da da'ira, layi yana haɗa aure da haihuwa. Ɗaki uku, kowanne da launinsa. Ta ƙara wasu layukan da jan biro: wa ke aiki a harkar, wa ke karɓar kuɗi daga cikinta ba ya aiki, wa aka ba riƙo, wa ya auri 'yar wa. Ta ce masu wannan sana'a a Amurka suna amfani da wani zane na da'ira uku da aka fitar a jami'ar Habad a ƙarshen shekarun 1970, wato iyali, da masu mallaka, da masu gudanarwa, kuma mutum yana iya kasancewa a ɗaya ko biyu ko duka ukun. Zanen yana da amfani, tana aiki da shi. Amma an yi shi ne da gidan mace ɗaya a zuciya. A wurinmu da'irar iyali kanta ta kasu ɗaki ɗaki, 'yan ubanci yana ciki, ga kuma mutane irin babban yaro da agola da ɗan riƙo, waɗanda gida ya san da su amma gado bai san da su ba.

Da na tambaye ta yadda take fahimtar da dattawa, sai ta ce ba ta kai musu zanen Turawa. Gandu take tuna musu. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya, uba yana ɗaukar nauyin haraji da aure, amma kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa a lokacinsa, abin da ya samu nasa ne. Gandun da ya hana gayauna ba ya daɗewa. Kuma ko a da, bayan rasuwar uba, gandun 'yan'uwa yakan watse in ba a san haƙƙin kowa ba, musamman in ba uwa ɗaya ba. Alhazan nan yawancinsu a gandu suka tashi. Da ta ce a yanka wa kowane ɗa mai aiki albashi, a bar shi ya yi ƙaramar harkarsa a gefe, a daina ɗibar kuɗin cefane daga aljihun ciniki, sai su gane da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninta kan gado. Ni dai abin da na sani, in maigida ya rasu sai a kira malamai, a yi wa kaya kuɗi, a sayar, a raba. Matan aure su raba tumuni a tsakaninsu in akwai 'ya'ya, iyaye in suna raye kowanne sudusi, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Haka aka yi da shagonmu. Goggo ta ce duk wannan babu mai taɓa shi, hukuncin Allah ne, kuma ba ta yin aiki sai da malamin da ya san ilimin gado da kuma lauya. Amma shari'a rabon kowa ta faɗa, ba ta ce dole sai an sayar da tanda ba. In harkar ta zama kamfani mai hannun jari, hannun jarin ake rabawa bisa ƙa'ida, tanda tana ci gaba da gashi. Wanda yake son kuɗinsa a hannu, sauran su sayi rabonsa da yardarsa. Yawancin 'yan kasuwarmu kuwa rajistar sunan kasuwanci kawai suke da ita, wadda a doka ba ta bambanta da mai ita. Asusun banki da sunan Alhaji yake. Ranar da banki ya samu labarin rasuwa sai ya dakatar da asusun har a kawo takardar kotu, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Gidan burodin da yake sayen fulawa kusan kullum ba zai iya jira ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta sauƙaƙa, mutum ɗaya yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista. Na zauna ina lissafin shagonmu, raina ya ɓaci, domin babu ɗaya daga cikin wannan da ya fi ƙarfinmu a lokacin. Ba mu sami wanda zai faɗa mana ba ne.

Mutane suna yawan kawo misali da gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 amma zuriyarsa suke cikin kasuwanci har yau. Goggo ta ce a ƙirga sauran attajiran zamaninsa da yanzu sai dai a nuna kangon gidajensu.

Akwai wani abin da ni da kaina ban lura da shi ba sai da ta nuna mini. Manajan nan ɗan fari ne. Alhaji ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi su yi doguwar magana, saboda kunyar ɗan fari. Shekara da shekaru saƙo tsakaninsu ta bakin babban yaro yake bi. Ɗan yana ganin uban bai yarda da shi ba, tunda bai taɓa nuna masa littafin bashi ba. Uban kuma ya gaya wa Goggo cewa duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya kai shi amana. Wani mai ba da shawara da ya koyo aikin daga littafi zai ce a haɗa su a teburi ɗaya kowa ya faɗi abin da ke ransa. Goggo ta ce yin haka cin fuska ne ga dattijon, kuma daga ranar an rufe mata ƙofa. Sai ta nemo aminin Alhaji, wanda suke sahu ɗaya a masallaci tun suna samari, wanda 'ya'yan gidan suke kira Baffa. Shi yana iya faɗa wa Alhaji abin da ɗa ba zai iya ba, yana iya kai wa ɗan abin da uba ba zai furta ba. A ganina nan ne karatunta ya fi amfani. Ba ta zo ta rushe kunya ba, ta san cewa al'adar da ta hana uba magana da ɗan fari ita ce kuma ta tanadi baffa da kawu da amini don ɗaukar maganar.

Aikin ba mai sauƙi ba ne, kuma ba ya kawo kuɗi kamar yadda dangi suke zato. Gida ɗaya yana cin watanni. Wasu da ta fara maganar abin da zai biyo baya sai su ce fatan mutuwa take yi musu. An taɓa sallamarta daga wani gida saboda ɗaki ɗaya ya zarge ta da zama 'yar leƙen asirin ɗaya ɗakin. Shi ya sa ba ta cin abinci a ɗaki ɗaya ta bar sauran, ba ta karɓar kyauta daga kowa sai kuɗin aikinta daga hannun maigida, abin da aka faɗa mata a wani ɗaki kuma ba ya fita sai da iznin mai maganar. Ko gwangwanin Hajiya, sai da ta koma ta tambaye ta ko ta yarda a kai maganar gaban Alhaji.

Ranar da zan koma Kano aka yi zaman, bayan la'asar, a falon Alhaji. Shi da Baffa a kan kujera, mu a kan kafet. Goggo ta gaishe su, ta ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, akwai maganar zinaren Hajiya." Ya daɗe bai ce komai ba. Baffa ya ce, "Faɗi mana, tun muna da rai." Alhaji ya ce rance ne, kuma ya san nauyin kowace sarƙa, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Aka kira limamin unguwa da wani maƙwabci suka shaida, aka rubuta, ya sa hannu. Ya kuma yarda lauya ya zo a fara maganar rajistar kamfani, ya ce a ba wa manaja, bai ambaci sunansa ba, izinin sa hannu a asusun banki.

Maganar babban yaro ce ba ta kammalu ba. Goggo ta kawo shawarar a sallame shi da wani kaso tun yanzu, kyauta wadda zai karɓa a hannunsa Alhaji yana da lafiya, ko a rubuta masa wasiyya cikin sulusi tunda shi ba magaji ba ne. Alhaji ya ce ai ɗansa ne, 'ya'yansa ba za su wulaƙanta shi ba. Goggo ba ta ja ba. A hanyarmu ta zuwa tashar Kawo ta ce Baffa ya yi mata alkawarin zai sake tayar da maganar, ita kuma za ta fara zama da 'yan ɗakin amarya mako mai zuwa, domin har yanzu ba a ji ta bakinsu ba.